Henry Clay: Ɗan majalisar da ya sasanta Arewa da Kudancin Amurka sau uku kan rikicin bauta

Ranar 29 ga Yunin 1852, Henry Clay ya rasu a wani ɗakin otal a birnin Washinton yana da shekara 75, bayan doguwar jinya ta tarin fuka. Shi ne mutum na farko da aka ajiye gawarsa a babban zauren ginin Majalisar Dokokin Amurka domin jama'a su yi masa ban kwana. Bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, duk da ya tsaya takara har sau uku. Abin da ya jawo masa wannan girmamawa shi ne aikin da ya shafe fiye da shekara talatin yana yi a majalisa, wato hana tarayyar Amurka wargajewa a kan batun bauta. Sau uku, a 1820 da 1833 da 1850, jihohin Arewa da suka haramta bauta da jihohin Kudu da arzikinsu ya dogara a kanta suka kai bakin rabuwa, kuma a duk ukun shi ne ya jagoranci sulhu. Shekara tara bayan rasuwarsa yaƙin basasa ya ɓarke.

Tashinsa a Virginia

An haifi Clay ranar 12 ga Afrilun 1777 a gundumar Hanover ta jihar Virginia, lokacin da ake tsakiyar yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Mahaifinsa mai wa'azi ne na cocin Baftis, kuma yana da gona da bayi. Ya rasu Henry yana da shekara huɗu. Karatun da yaron ya samu a ƙauye bai taka kara ya karya ba, amma mijin da mahaifiyarsa ta aura daga baya ya samar masa aikin akawu a wata babbar kotu da ke Richmond, babban birnin jihar.

A nan ne ya faɗa hannun alƙali George Wythe, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka, kuma malamin Thomas Jefferson a fannin shari'a. Hannun Wythe ya raunana da tsufa, don haka ya ɗauki Clay a matsayin magatakarda, yana faɗa shi kuwa yana rubutawa. Shekarun da ya yi yana rubuta hukunce-hukuncen wannan dattijo su ne makarantarsa ta gaskiya. Wythe na cikin 'yan tsirarun manyan Virginia da suka 'yanta bayinsu, kuma wani abu na wannan ra'ayi ya kama zuciyar almajirin nasa. A 1797 Clay ya samu lasisin aikin lauya, ya yi ƙaura zuwa Lexington a sabuwar jihar Kentucky, inda shari'o'in filaye suka yi yawa, lauya mai kaifin baki kuma ba ya rasa abin yi.

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shiga muhawarar sake rubuta kundin tsarin mulkin Kentucky, ya goyi bayan a kawo ƙarshen bauta a jihar sannu a hankali. Masu wannan ra'ayi suka sha kaye a 1799. A shekarar ce ya auri Lucretia Hart, 'yar wani attajiri na Lexington. Daga nan ya kafa gonarsa mai suna Ashland, wadda a wani lokaci bayin da ke aiki a cikinta suka kai hamsin. Babban amfanin gonar shi ne wani tsiro mai kama da rama, wanda ake yin igiya da buhu da zarensa, kuma manyan masu sayen wannan kaya su ne manoman auduga na Kudu da ke ɗaure dilolinsu da shi. Da haka ya rayu har mutuwarsa: yana kiran bauta mugun abu a bainar jama'a, yana kuma cin moriyarta a gida.

Tushen rikicin

Domin a gane aikin Clay sai an duba yadda aka gina tarayyar. Kundin tsarin mulkin 1787 ya ba kowace jiha sanata biyu, komai ƙanƙantarta. Kujerun Majalisar Wakilai kuwa bisa yawan jama'a ake raba su, kuma an amince a lissafa kowane bawa biyar a matsayin mutum uku. Bayin ba su da ƙuri'a, amma adadinsu yana ƙara wa iyayengijinsu kujeru a majalisa da nauyi a zaɓen shugaban ƙasa. Jihohin Arewa sun bi hanyar soke bauta ɗaya bayan ɗaya, kuma dokar 1787 ta haramta ta a yankin da ke arewa da kogin Ohio. An hana shigo da bayi daga Afirka tun daga farkon 1808, mutane da yawa kuma suka ɗauka cewa al'adar za ta mutu da kanta.

Auduga ce ta rushe wannan zato. Injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 ya sa noman ya zama mai riba ƙwarai, a daidai lokacin da masaƙun Ingila ke neman auduga ruwa a jallo. Bayi kusan 700,000 aka ƙidaya a 1790. Zuwa 1820 sun kai miliyan ɗaya da rabi, a 1850 kuma sun haura miliyan uku. Tsofaffin jihohi irin su Virginia, da ita kanta Kentucky, suka zama masu sayar da mutane ga sababbin gonakin da ke can Kudu, ana raba uwa da ɗa, miji da mata. Auduga ta zama fiye da rabin kayan da Amurka ke fitarwa waje.

Arewa kuwa ta karkata ga masana'antu da kasuwanci da aikin lada, kuma baƙin haure daga Turai suka riƙa kwarara can, yawan jama'arta yana ta haɓaka. Sannu a hankali ta mamaye Majalisar Wakilai. Garkuwar da ta rage wa Kudu ita ce Majalisar Dattawa, inda muddin yawan jihohin ɓangarorin biyu ya zo daidai, ba wata dokar da za ta wuce ba da yardarta ba. Wannan ya sa duk lokacin da wani yanki ya nemi zama jiha, tambayar farko ita ce: wane ɓangare zai ƙara wa sanatoci biyu?

Kakakin majalisa da tsarinsa na tattalin arziki

Clay ya fara shiga Majalisar Dattawa a 1806 domin cike gurbin wani, yana ɗan shekara 29, bai ma kai shekara talatin da kundin tsarin mulki ya gindaya ba. A 1811 ya koma Majalisar Wakilai, kuma a ranar farko da ya zauna aka zaɓe shi kakaki. Kafin zuwansa kujerar kakaki ba ta wuce ta mai kula da tsarin muhawara ba. Shi ya mayar da ita cibiyar iko, ta hanyar zaɓen waɗanda za su shugabanci kwamitoci da tsara abin da zai zo gaban zaure. Yana cikin matasan da suka ingiza ƙasar zuwa yaƙi da Birtaniya a 1812, yana kuma cikin wakilai biyar da suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a birnin Ghent a Disambar 1814.

Yaƙin ya nuna masa raunin ƙasar: ba hanyoyi, ba masana'antun kirki, ba kuɗi mai tsayayyen daraja. Sai ya fito da shirin da aka sani da Tsarin Amurka, mai ƙafa uku. Na farko, haraji mai nauyi kan kayan da ake shigowa da su, domin masana'antun gida su tsaya da ƙafarsu. Na biyu, bankin ƙasa da zai daidaita kuɗi da bashi. Na uku, gina hanyoyi da magudanan jiragen ruwa da kuɗin tarayya. Tunaninsa shi ne idan masaƙar Arewa na sayen audugar Kudu, manomin Yamma kuma na ciyar da su duka, to ciniki zai ɗaure yankunan har ba wanda zai so ɓallewa.

Kudu ta kalli shirin da wani ido dabam. Ita tana sayar da audugarta a kasuwar duniya, tana sayen kayan masana'anta, don haka harajin a ganinta kwasar dukiyarta ne ana zuba wa Arewa. Akwai kuma wani tsoro da ya fi wannan zurfi: gwamnatin tarayyar da ke da ikon kafa banki da shimfiɗa hanyoyi a cikin jihohi, wata rana za ta iya cewa tana da ikon taɓa bauta.

Sulhun Missouri

A 1819 jihohin Amurka 22 ne, goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Missouri, wani yanki na ƙasar Louisiana da aka saya daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ta nemi zama jiha. A watan Fabrairu James Tallmadge, ɗan majalisa daga New York, ya kawo gyara: a hana shigar da sababbin bayi Missouri, 'ya'yan bayin da aka haifa bayan ta zama jiha kuma a 'yanta su idan sun kai shekara 25. Majalisar Wakilai ta amince, Majalisar Dattawa ta ƙi. Aka shafe shekara guda ana kai ruwa rana, har wasu suka fara ambaton rabuwa da zubar da jini a zauren majalisa.

Mafita ta fito daga Majalisar Dattawa. Za a karɓi Missouri da bautarta, a yanki Maine daga Massachusetts ta zama jiha mara bauta, lissafi ya koma goma sha biyu da goma sha biyu. Sanata Jesse Thomas na Illinois ya ƙara da cewa a sauran ƙasar Louisiana a ja layi a digiri 36 da minti 30, a haramta bauta a arewa da shi. Matsalar ita ce Majalisar Wakilai ba za ta karɓi wannan ƙunshi a dunƙule ba, domin 'yan Arewa ba sa son kashin farko, 'yan Kudu da dama ba sa son na ƙarshe. A nan gwanintar Clay ta bayyana. Ya sa aka kaɗa ƙuri'a kan kowane kashi dabam, ta yadda kowanne ya samu nasa rinjayen daga mutane daban-daban. Ƙuri'ar da ta cire sharaɗin hana bauta a Missouri ta wuce da 90 da 87.

Rigimar ta sake tashi da Missouri ta rubuta kundinta, ta sa a ciki cewa a hana baƙaƙen fata 'yantattu shiga jihar. 'Yan Arewa suka ce wannan ya saɓa wa kundin tarayya, tunda a wasu jihohinsu waɗannan mutane 'yan ƙasa ne. A farkon 1821 Clay ya jagoranci kwamitin da ya tsara wani ƙuduri mai harshen damo, wanda ya buƙaci Missouri ta yi alkawarin ba za ta fassara wannan sashe ta hanyar tauye haƙƙin ɗan ƙasa ba, ba tare da an fayyace ko wane ne ɗan ƙasa ba. Kowane ɓangare ya karanta abin da yake so a ciki, Missouri ta shiga tarayya a Agustan 1821, daga baya kuma ta kafa dokokin hana 'yantattun shiga kamar yadda ta yi niyya tun farko.

Tabon 1824

A zaɓen 1824 'yan takara huɗu suka fafata. Andrew Jackson ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 99, John Quincy Adams 84, William Crawford 41, Clay 37. Tunda ba wanda ya samu fiye da rabi, sai zaɓen ya koma Majalisar Wakilai, inda Clay ke kakaki. Ya mara wa Adams baya, wanda ra'ayinsu ya zo ɗaya kan tattalin arziki, Adams ya ci, sannan ya naɗa shi Sakataren Harkokin Waje. Jackson da magoya bayansa suka ce cinikin muƙami aka yi. Ba a taɓa kawo hujjar da ta tabbatar da haka ba, amma zargin ya bi Clay har kabari, ya kuma zama sandar da aka riƙa dukansa da ita a kowane zaɓe.

A ƙarshen zamansa a wannan ofis, a 1829, wata baiwarsa mai suna Charlotte Dupuy ta kai shi ƙara a kotun Washinton tana neman 'yancinta da na 'ya'yanta, bisa alkawarin da ta ce ubangidanta na farko ya yi mata. Clay ya ƙalubalanci ƙarar, kotu ta ba shi gaskiya, da matar ta ƙi komawa Kentucky kuma aka tsare ta, daga baya aka tura ta New Orleans. Sai a 1840 ya 'yanta ta.

Rikicin haraji na 1833

Harajin shigo da kaya na 1828 ya yi tsananin da Kudu ba ta taɓa gani ba. John C. Calhoun na Carolina ta Kudu, wanda a lokacin shi ne mataimakin shugaban ƙasa, ya fito da ra'ayin cewa jihohi ne suka kafa tarayya, saboda haka kowace jiha na da ikon soke dokar tarayya a cikin iyakarta idan ta ga ta saɓa wa kundi. A Nuwamban 1832 Carolina ta Kudu ta aiwatar da wannan, ta ce harajin 1828 da na 1832 ba su hau kanta ba, ta kuma yi barazanar ficewa idan aka yi mata dole. A jihar bayi sun fi 'yantattu yawa, kuma shugabanninta sun san cewa makamin da suke gwadawa a kan haraji shi ne za su buƙata ranar da aka taso wa bauta.

Shugaba Jackson, shi ma ɗan Kudu mai bayi, ya ɗauki matakin a matsayin cin amanar ƙasa, ya nemi majalisa ta ba shi ikon amfani da soja wajen karɓar haraji. Clay, wanda Jackson ya kayar a zaɓen 1832 da ƙuri'u 219 da 49, ya zauna da Calhoun suka tsara sabuwar doka: za a riƙa rage harajin kaɗan-kaɗan har ya sauko kashi 20 cikin ɗari a 1842. Uban kariyar masana'antu ke nan da hannunsa ya sassauta abin da ya gina, domin ya sayi shekara tara na kwanciyar hankali ga masana'antun da ƙasar baki ɗaya. Ranar 2 ga Maris 1833 Jackson ya sa hannu a dokar harajin da dokar amfani da ƙarfi a tare. Carolina ta Kudu ta janye matakinta kan haraji, sannan ta ayyana soke dokar amfani da ƙarfin, don ta nuna ba ta sauka daga aƙidarta ba.

Laberiya da kujerar da ta gagara

Maganin da Clay ya yi imani da shi game da bauta shi ne a 'yanta bayi a hankali, a kwashe su zuwa Afirka. Shi ya shugabanci taron da aka kafa ƙungiyar da ke wannan aiki a Disambar 1816, ya kuma zama shugabanta a 1836. Ƙungiyar ce ta kafa matsugunin da ya zama Laberiya, wadda ta ayyana 'yancinta a 1847, kuma har yau akwai garin Clay-Ashland a bakin kogin Saint Paul, mai ɗauke da sunansa da na gonarsa. Sai dai mafi yawan baƙaƙen fata 'yantattu sun ƙi shirin, suna cewa Amurka ce ƙasar haihuwarsu, da gumin kakanninsu aka gina ta. Lissafi ma bai goyi bayansa ba, domin waɗanda aka kai Laberiya cikin shekaru da dama ba su kai yawan jariran da ake haifa cikin bauta a shekara guda ba.

Tsayuwa a tsakiya ta riƙa yi masa tsada yayin da ɓangarorin ke ƙara nisa da juna. A 1839 ya yi jawabi a Majalisar Dattawa yana sukar masu fafutukar soke bauta nan take, domin ya kwantar wa Kudu hankali. Jam'iyyarsa ta Whig, wadda shi ne ginshiƙinta, ta tsallake shi ta tsayar da Janar William Henry Harrison. A 1844 ya samu tikiti, kuma batun da ya mamaye zaɓen shi ne haɗe Texas, ƙasa mai bauta da ta ɓalle daga Meziko. A watan Afrilu ya wallafa wasiƙa yana adawa da haɗewar, yana gargaɗin cewa za ta jawo yaƙi. Da ya ga Kudu na zame masa, sai ya rubuta wasu wasiƙun yana sassautawa. Masu adawa da bauta a Arewa suka ga ya yi baki biyu. A New York, James K. Polk ya rinjaye shi da ƙuri'u kusan 5,000, alhali ɗan takarar ƙaramar jam'iyyar adawa da bauta, James Birney, ya kwashi fiye da 15,000 a jihar. Da ya ci New York da ya zama shugaban ƙasa.

An haɗe Texas a 1845, yaƙi da Meziko ya biyo baya a 1846 kamar yadda ya hango. A Fabrairun 1847 aka kashe ɗansa, Henry ƙarami, a fagen daga na Buena Vista. Wannan rashi ya zo a kan wasu, domin 'ya'yansa mata shida duka sun riga shi rasuwa.

Sulhun ƙarshe

Yaƙin ya ƙare a 1848 da Amurka ta karɓi ƙasa mai faɗin gaske daga Meziko, tsohuwar tambaya kuma ta dawo da ƙarfinta. Tun a 1846 David Wilmot na Pennsylvania ya nemi a haramta bauta a duk yankin da za a samu. An gano zinariya a Kalifoniya, mutane suka yi tururuwa can, a 1849 suka rubuta kundin da ya hana bauta, suka nemi zama jiha. Jihohi talatin ne a lokacin, goma sha biyar a kowane ɓangare, kuma babu wata jihar bauta da za a haɗa ta da Kalifoniya. Jagororin Kudu suka kira babban taro a Nashville domin duba makomarsu a tarayya.

Clay ya dawo Majalisar Dattawa a ƙarshen 1849, yana da shekara 72, tari na cinsa. Ranar 29 ga Janairun 1850 ya gabatar da ƙudurori takwas, a farkon Fabrairu kuma ya yi kwana biyu yana kare su. Calhoun, wanda ciwo ya hana shi magana, ya sa wani sanata ya karanta jawabinsa na ƙin amincewa ranar 4 ga Maris, ya rasu a ƙarshen watan. Daniel Webster na Massachusetts ya goyi bayan Clay ranar 7 ga Maris, abin da ya zubar masa da mutunci a idon mutanensa da dama. Shugaba Zachary Taylor kuwa yana adawa da shirin.

A wannan karo Clay ya kauce wa dabarar da ta yi masa aiki shekara talatin baya. Kwamitin sanatoci goma sha uku da ya shugabanta ya haɗa manyan batutuwan cikin ƙuduri guda, da tunanin kowa zai haɗiye abin da ba ya so domin samun abin da yake so. Akasin haka ya faru: masu tsattsauran ra'ayi na Arewa da na Kudu suka haɗu a kan ƙin sa, ranar 31 ga Yuli aka yi wa ƙudurin kaca-kaca. Clay ya tafi Newport ya huta a bakin teku, a gajiye. Taylor ya riga ya rasu ranar 9 ga Yuli, magajinsa Millard Fillmore kuma mai son sulhun ne. Sai matashin sanata Stephen Douglas na Illinois ya rarraba ƙunshin, ya bi da kowane kashi shi kaɗai, zuwa Satumba duka sun zama doka.

Kalifoniya ta shiga ba bauta. An kafa yankunan Utah da New Mexico ba tare da haramci ba. Texas ta janye da'awarta kan wasu filaye, aka ba ta dala miliyan 10. An hana cinikin bayi a babban birnin tarayya, amma ba a hana mallakarsu ba. Kashi mafi muni shi ne dokar kama bayin da suka gudu. Ta ɗora aikin a kan jami'an tarayya, ta hana wanda ake tuhuma ba da shaida a kan kansa, ta cire masu taya alƙali yanke hukunci. Jami'in da ya saurari ƙara yana samun dala goma idan ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala biyar idan ya sake shi. Duk wanda ya taimaki mai gudu yana fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Da wannan doka bauta ta daina zama labarin nesa ga mutumin Boston ko Ohio, domin a kan titinsa ake kama mutane, ana kuma iya umartarsa ya taya. Littafin Harriet Beecher Stowe mai suna Uncle Tom's Cabin, wanda ya fito a 1852 ya girgiza Arewa, martani ne ga wannan doka.

Abin da ya bari

A wasiyyarsa Clay ya tanadi cewa 'ya'yan da bayinsa mata suka haifa daga 1 ga Janairun 1850 za a 'yanta su, mata a shekara 25, maza a 28, sannan a kai su Laberiya. Waɗanda aka haifa kafin wannan rana ba su shiga tanadin ba. Mako guda bayan rasuwarsa, wani lauya ɗan jam'iyyar Whig mai suna Abraham Lincoln ya yi jawabin ta'aziyyarsa a Springfield ta Illinois. Lincoln ya ɗauki Clay a matsayin gwaninsa a siyasa tun yana matashi.

Ginin bai daɗe ba. A 1854 Douglas ya jagoranci dokar Kansas da Nebraska wadda ta share layin 1820. Jam'iyyar Whig ta tarwatse, jam'iyyar Republican ta taso a Arewa da manufar hana bauta yaɗuwa. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta ce tun asali majalisa ba ta da ikon haramta bauta a yankunan tarayya. Lincoln ya ci zaɓen 1860, Carolina ta Kudu ta fice ranar 20 ga Disamba. Sanata John Crittenden na Kentucky ya yi ƙoƙarin sulhu irin na Clay, bai samu masu saurare ba. Yaƙin da ya fara a Afrilun 1861 ya ci rayuka fiye da 600,000, gyaran kundi na goma sha uku kuma ya soke bauta a Disambar 1865. Kentucky ba ta ɓalle ba, amma zuriyar Clay ta rabu, jikokinsa suka yi yaƙi a ɓangarorin biyu.

Masana tarihi sun kasu a kansa. Wasu na cewa shekara goman da sulhun 1850 ya saya su ne suka ba Arewa damar yi wa Kudu nisa a yawan jama'a da layin dogo da masana'antu, don haka da rabuwar ta zo a 1850, da wuya tarayyar ta tsira, da wuya kuma bauta ta ƙare lokacin da ta ƙare. Wasu na tunatar da cewa a kowane zaman sulhun, mutanen da ake ciniki a kan rayuwarsu ba su da kujera, kuma adadinsu ya tashi daga miliyan ɗaya da rabi a lokacin sulhun farko zuwa kusan miliyan huɗu a jajibirin yaƙi. Dabarunsa sun yi aiki sosai a kan haraji, inda ake iya raba bambanci da alƙaluma, a rage kaɗan bana, a ƙara ragewa baɗi. A kan bauta kuwa iyakar abin da suka iya shi ne ɗage ranar hukunci. A 1957 wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin John F. Kennedy ya zaɓi sanatoci biyar mafiya fice a tarihin majalisar, Clay na cikinsu, tare da Webster da Calhoun.